An Rufe Inna Ban Sani Ba

Ina gaida Edita da duk masu bibiyar wannan shafi. Roƙona a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba. A lokacin da abin da zan ba da labari ya soma, ni budurwa ce mai shekara ashirin da 'yan kai, ina koyon ɗinki a wani shago cikin garin Zuru, ina zaune a hannun ƙanwar babana wadda nake kira Goggo. Ba ni da hayaniya, ba ni da ƙawaye da yawa, kuma tun ina ƙarama an san ni da cewa "to" ga duk abin da babba ya faɗa. Goggo takan yi alfahari da wannan halin nawa a gaban mutane, ta ce duk wanda ya aure ni ya huta. Ni ma a lokacin ina ganin babu abin da ya fi shi kyau a jikina.

Asalina 'yar Dabai ce. Babana Musulmi ne, ya rasu ban ma san kamanninsa ba. Mahaifiyata, wadda nake kira Inna, coci take zuwa. A wajenmu wannan ba abin mamaki ba ne, gida ɗaya za ka tarar da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, kuma tukunya ɗaya suke ci. Da na isa shiga makaranta Goggo ta ɗauko ni zuwa cikin gari, Inna ba ta hana ba, duk da cewa ni kaɗai ce ta rayu cikin 'ya'yan da ta haifa. Idan na je hutu ita ke tashina sallar asuba, ta zuba mini ruwa a buta, ta koma gefe ta zauna har in idar. Hausarta ta cinikin kasuwa ce kawai, don haka da yarenmu na C'lela muke hira. Tana noma gyaɗa da dawa a 'yar gonar da ke bayan gidan yayanta, wato Kawu, kuma da abin da ta samu a nan take yi mini ɗinkin sallah kowace shekara.

Mijin da na aura ba wanda ya tilasta mini shi, ni na gani na ce ina so. Yana sayar da kayan gyaran mashin kusa da shagon da nake koyon aiki. Mutum ne mai tsafta, mai ƙarancin magana, ba a taɓa jin ya yi faɗa da kowa a layin ba. Kafin biki sau ɗaya ya je Dabai gaida Inna. An shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba, an kawo masa ruwa bai sha ba, daga tsaye ya gaishe ta muka juyo. Na lura da hakan, amma na ce a raina kunyar surukai ce. Inna kuwa ta ce mini yaron yana da natsuwa, Allah ya ba mu zaman lafiya.

Zan faɗi gaskiya a kansa, domin ba don in ɓata shi na rubuto ba. Bai taɓa ɗaga hannu ya dake ni ba, bai taɓa zagina ba. Abinci ba ya yankewa a gidan, sutura kuma sai wadda na zaɓa. Abin da ya faru a hankali ya faru, ta yadda ko ni da ke ciki ban ga lokacin da ya kai inda ya kai ba. Da farko ya ce matarsa ba za ta zauna a shago ba, ya sayo mini keken ɗinki in riƙa yi a gida, na yi murna. Bayan 'yan watanni ya ce mata masu kawo ɗinki sun yi yawa, gida ya zama kasuwa, sai na rufe keken da zane. Wayata ta samu matsala ya karɓa zai kai gyara, ba ta dawo ba, ya ce duk wanda nake son kira in bari ya dawo in kira da tasa. Idan na kira Inna yana zaune a wajen, kuma ya ce ba ya son ana yin yaren da ba ya ji a gidansa, don haka sai in yi mata Hausa, ita kuma ta amsa da 'yan kalmomin da ta iya, hirar ta mutu tun ba a je ko'ina ba. Daga baya ya fara sa wa ƙofar gida kwaɗo ta waje idan zai fita. Ya ce zamani ya lalace, kullum ana jin ta'asar 'yan bindiga a ƙauyukan Wasagu, shi hankalinsa ba ya kwanciya in ya bar ni ƙofa a buɗe. Kowace doka da dalilinta mai kyau, kuma kowacce na ce to.

Idan na yi abin da bai so ba, horonsa shiru ne. Zai shigo ya ci abinci, ya yi wanka, ya kwanta, ya tashi ya fita, bai ce mini kanzil ba, wani lokaci har mako ya zagayo. In gaishe shi ya wuce kamar iska ce ta kaɗa. Ba zai gaya mini laifina ba, ni zan zauna in yi ta lalube har in gano, in durƙusa in ba da haƙuri. A gidan da ba kowa sai ni da shi, ranar da bai yi mini magana ba, ba wanda ya yi mini ke nan. Har na kai ina yin magana da kaji don in ji muryata.

Sau ɗaya Inna ta zo gidana. Ranar kasuwa ce, ta biyo da ƙullin gyaɗa da kaza ɗaya ɗaure a ƙafa, ta yi sa'a maigidan ya dawo cin abincin rana ƙofa a buɗe. Na ruga na rungume ta, na ja ta zuwa ɗaki, sai ya ce a shimfiɗa mata a zaure ya fi iska. Da na zuba mata abinci, ya bi ni madafa ya nuna wani tsohon kwano da muke zuba wa kaji tsaki, ya ce in wanke shi in juye mata a ciki, kada a haɗa da kwanukan gida. Na tsaya da kwanon a hannu. Ban juye ba, amma ban kai mata wancan ɗin ba, na rasa yadda zan yi har abincin ya huce. Inna tana hango mu daga zaure. Ba ta jin duk abin da ake faɗa, amma ba yarinya ba ce. Ta miƙe ta ce mini ta ƙoshi, rana tana yi, gara ta kama hanya. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce ɗakina ya yi kyau, in riƙe mijina da kyau. Ba ta sake zuwa ba. A ranar ya ce mini ya fi son idan ganinta nake so, shi zai kai ni da kansa.

Bai taɓa kai ni ba. Idan na tambaya, ko kasuwa ta yi zafi, ko hanya ba lafiya, ko a bari bayan sallah. Wata rana da Goggo ta zo na yi ƙarfin hali na gaya mata abin da ke damuna. Ta tambaye ni ko yana dukana, na ce a'a. Ko yana barina da yunwa, na ce a'a. Ko yana neman mata, na ce ban sani ba, amma ban ga alama ba. Sai ta ce in gode wa Allah, mata nawa ne ke neman irin wannan miji ba su samu ba, kulle kuma ai daraja ce. Na duba na ga ba ni da wani tabo da zan nuna mata. Daga ranar ban sake kai ƙararsa wurin kowa ba.

A shekara ta uku na samu ciki. Da ya tsufa, sai maigidan ya ba wata tsohuwa maƙwabciyarmu makulli ɗaya, don ta riƙa leƙo ni ko da naƙuda za ta taso ba ya nan. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, ina kiranta Iya. Wata ranar damina da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo, na ji ta buɗe ƙofa ta shigo da sallama. Ta zauna a kan tabarma, sannan ta ce, "Ya haƙuri, 'yar nan? Sai jiya nake ji a bakin wata mai sayar da itace. Allah ya ba ki dangana."

Na ce, "Haƙurin me, Iya?"

Ta dube ni, ta dubi rariyar da ke hannuna. Ta so ta juya maganar, amma ta riga ta fito. Ta ce Inna ce, an ce ta yi jinya, kuma har an rufe ta tun makon da ya wuce. Ta ɗauka na sani, ta ɗauka saboda nauyin ciki ne ban je ba.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne wanda har yau ban gane ba. Ban yi kuka ba, ban faɗi ba. Na ce mata to, na gode. Na ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare. Iya ce ta yi ta kuka tana neman gafarata, ni ina ba ta haƙuri. Da ta tafi na hura wuta, na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka, na share tsakar gida. Ina jin komai daga nesa, kamar an toshe mini kunne da auduga. Da maigidan ya dawo na kai masa ruwa da abinci, na jira ya gama ya wanke hannu, sannan na tambaye shi ko ya san Inna ta rasu. Ya ce ya sani. Ya ce ya ɓoye mini ne saboda abin da ke cikina, kuma ko da ya faɗa ba zai bar matarsa ta je ta tsaya cikin masu waƙe-waƙe a bakin kabari ba. Ya ce an riga an rufe ta, zuwana ba zai tashe ta ba, in yi haƙuri. Na ce to. Na kwashe kwanuka. Washegari ya karɓe makullinsa daga hannun Iya.

Da Goggo ta zo na gane ita ma ta ji, amma bayan an rufe, kuma maigidan ya roƙe ta ta yi shiru sai na haihu. Ta yi ta kallona tana jira in fashe da kuka ta rarrashe ni, ban yi ba, har ta tsorata ta ce in daure in yi ko kaɗan ne, kada abin ya zauna mini a ƙirji. Na gwada, na shiga ɗaki na zauna na tuno fuskar Inna, ba abin da ya zo. Haka na ƙarasa watannin. Ina ci don an ce in ci, ina kwanciya don gari ya yi duhu. Ranar haihuwa shi da kansa ya kai ni asibiti, na haifi 'ya mace. Da aka miƙo mini ita na duba na ga lafiyarta ƙalau, na sa ta a nono, amma murnar da ake cewa uwa tana ji ban same ta ba. Aka yi suna, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, gida ya cika da danginsa. Daga Dabai ko mutum ɗaya bai zo ba. Na ce a raina suna fushi ne don ban je gaisuwa ba, kuma suna da gaskiya.

Bayan an gama kaka, wata rana da rana tsaka na ji tsayuwar mashin a waje, aka buga ƙofa. Na matsa na tambayi ko wane ne, sai na ji muryar Kawu yana kiran sunana na yare, wanda rabon da in ji shi tun ranar da Inna ta zo. Na ce masa ƙofar a kulle take ta waje. Ya ce ya gani. Haka muka yi magana, shi a waje ni a ciki, ƙyauren ƙarfe a tsakaninmu, ina hango ƙafafunsa kawai ta ƙasa. Ya ce ba don ni ya zo ba, saƙo ya kawo. Gyaɗar da Inna ta shuka kafin ta kwanta sun cire, kuma ta bar wasiyya a kawo mini ita ni da abin da zan haifa. Ya ce zai ajiye buhun a bakin ƙofa ya tafi, amma yana da tambaya ɗaya da ta hana shi sukuni: me Inna ta yi mini da har tana kan gargara na aika cewa ba zan zo ba?

Na ce ban gane ba. Sai ya ba ni labari. Inna ta kwanta jinya kusan wata guda. Tun farkon ciwon ya zo shagon mijina da ƙafarsa ya faɗa, aka ce masa za a gaya mini. Suka yi ta zuba ido. Inna ta sa aka juya mata shimfiɗa ta fuskanci ƙofa, duk mashin da ya tsaya sai ta ɗaga kai. Da jiki ya yi tsanani Kawu ya sake komawa shagon, sai mijina ya ce masa ai an gaya mini, ni ce na ce jikina ya yi nauyi ba zan iya zuwa ba, a gaishe ta. Kawu ya koma ya rasa abin da zai ce, da ta matsa masa ya faɗa mata yadda aka faɗa masa. Ya ce sai ta sa aka mayar da shimfiɗar inda take a da. Sai can daga baya ta ce a ƙyale ni, ciki na fari da wuya.

Na dafa ƙyauren na ce, "Kawu, wallahi ba wanda ya gaya mini. Sai da aka rufe ta na ji."

Ina ganin ƙafafunsa ba su motsa ba. Can ya ce, cikin wata murya da ban san shi da ita ba, to ya ji. Ya jingina buhun da ƙofa, ya ta da mashin ya tafi.

Da yamma maigidan ya dawo ya tarar da buhu, ya tambaya na faɗa masa, sannan na tambaye shi ko gaskiya ne abin da ya gaya wa Kawu. Bai musa ba. Ya ce ya faɗi haka ne don su daina yi masa sintiri a shago a gaban abokan ciniki, kuma ai da gaske jikina ya yi nauyi a lokacin. Ya jawo buhun ya ajiye a madafa, ya ce a kawo abinci. Na kawo. Ina zaune ina kallonsa yana ci, ina neman fushi a cikin raina ban samu ba. Abin da na samu kawai shi ne na san na gama zama a gidan, kamar yadda mutum ke sanin ruwa ya ƙare a randa.

Da safe bayan ya fita ya sa kwaɗonsa, na yi wanke-wanke, na share gida, na dafa masa abincin rana na rufe a inda ya saba samu. Na ɗaure kayan jaririya a zane ɗaya. Na kifa turmi a gindin katanga na hau na kira Iya. Da ta fito na ce mata gida zan je. Ba ta tambaye ni komai ba, ta jawo benci ta hau, na miƙa mata yarinyar ta saman katanga, sannan na haura na dira a gidanta, har na goge gwiwa. Ita ta goya mini 'yar, ta fita ta tsayar da ɗan kabu-kabu, ta biya shi daga bakin zanenta. Abin da ya fi tsaya mini a wannan tafiya shi ne gajartarta. Ko shinkafa aka ɗora lokacin da muka tashi, ba za ta nuna ba muka isa. Shekara uku ina jin Dabai kamar wata ƙasa ce mai nisa.

Ban samu tarba mai daɗi ba, kuma ban sa rai ba. Ƙanwar Inna tana daka a tsakar gida, ta ɗago ta dube ni ta ci gaba da dakanta. Kawu ya riga ya gaya musu ba da sanina ba ne, amma ta ce ko da ba a gaya mini ciwon ba, shekara uku ƙafata karyewa ta yi? Kawu ne ya raka ni bayan gida, gefen gonar, ya nuna mini wurin ya koma. Tudun jar ƙasa ne, ciyawa ta fara rufe shi, an kafa itace a kai. Na tsaya ina jiran hawaye, ba su zo ba. Yarinyar ta fara kuka, na zauna a ƙasa na kwanto ta na ba ta nono. A nan zaune na buɗe baki na gaya wa Inna da yarenmu cewa ba a faɗa mini ba, da an faɗa mini da na zo ko da rarrafe ne. Na faɗe shi ne kamar mai isar da saƙon wani. Na ƙara da cewa ga jikarta, mace ce. Sannan na tashi na koma cikin gida, aka buɗe mini ɗakinta na shiga.

Bayan 'yan kwanaki mijina ya zo da yayansa da limamin unguwarsu, aka zauna a ƙarƙashin bishiya a ƙofar gidan Kawu, aka kira ni. Liman ya zo ne da niyyar yi mini nasiha a kan fita ba da izini ba, don iyakar abin da aka gaya masa ke nan. Da Kawu ya kwashe labari ya faɗa, sai Liman ya juya ya tambayi mijina ko haka aka yi. Ya ce haka ne, amma ai miji yana da ikon hana matarsa fita. Liman ya ja carbinsa, sannan ya ce uwa uwa ce ko wane addini take bi, kuma bai san inda aka ba miji ikon yi wa mai jinya ƙarya da sunan 'yarta ba. Ya ce kada ya jingina wannan abu da addini, nasa ne shi kaɗai. Daga nan ya tambaye ni abin da nake so. Na ce ba zan koma ba. Ban ɗaga murya ba, ban kawo dalilai ba, sau ɗaya na faɗa. Ina jin wannan ne karo na farko da babba ya nemi abu a wurina ban ce to ba.

Ba a nan ta ƙare ba. An yi watanni ana kai da kawowa. Goggo ta zo har Dabai ta yi kuka ta ce zan kunyata ta, wa zai auri bazawara da goyo, in tuna mutumin nan bai taɓa marina ba. Shi ma ya aiko cewa zai cire kwaɗon, zai dawo mini da waya. Ban ji haushinsu ba, ban kuma ji maganar ta shige ni ba. A ƙarshe sai gaban alƙali aka je aka raba auren, aka bar mini yarinyar a hannuna. Na yi damina ɗaya a ɗakin Inna, na noma gonarta. Ƙanwarta da ta ƙi tarbata ranar farko ita ta koya mini yadda ake riƙe fartanya ba tare da hannu ya yi kanta ba, a bakin aikin nan muka shirya ba tare da an ce a yafe ba. Daga baya na dawo cikin Zuru na koma ɗinki a shagon wata mata, yanzu ina da kekena, ina ciyar da kaina da 'yata. Ranar Juma'a in mun tashi da wuri nakan biya in gaida Iya.

Mutane suna cewa na yi ƙarfin hali. Ni dai ban ji wani ƙarfi a lokacin ba, ƙafafuna ne suka tafi na bi su. Kukan da Goggo ta ce in yi, har yau ban yi shi yadda ake yi ba. Wani lokaci ina tsakar ɗinki sai in ga allura ta tsaya, in tarar na daɗe ina kallon bango, sai in ci gaba. Son 'yata kuwa ya zo daga baya, a hankali, kuma na gode wa Allah da ya zo.

Abin da na koya shi ne ba duk cuta ce ke barin tabo a jiki ba, kuma wadda ba ta bar tabo ba ta fi wuyar kai ƙara. Ina kira ga iyaye da masu riƙon 'ya'ya, idan yarinya ta zo muku da kuka, kada tambayarku ta tsaya a kan duka da abinci. Ku tambaye ta yaushe rabonta da ganin uwarta, yaushe rabon da wani ya yi mata magana. Maza kuma ku ji tsoron Allah, matar da kuka aura wata ce ta haife ta, ta yi mata wahala kafin ku san da ita. 'Yan'uwana mata, ban ce ku ƙi bin mazajenku ba, amma ku lura da ranar da aka fara raba ku da naku, domin ba a yin sa rana ɗaya, kuma kowane mataki da dalilinsa mai daɗin ji yake zuwa. Ku yi magana tun a na farko, ku kai ta gaban manyan da za su saurara, in wannan bai ji ba ku gaya wa wancan. Wadda uwarta ke raye, ta nemi hanyar ganinta tun tana iya amsa mata. Ni ma na samu na gaya wa tawa gaskiyar abin da ya faru, amma ƙasa na gaya wa.